Ɗan Hakin Da Ka Raina: Darasi A Kan Gyaran Rediyo

Gabatarwa

A zangon karatu na biyu maigadin makarantarmu ya shigo ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da rediyonsa a hammata. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, abokin hirata na dare ya yi shiru. An ce mini ya mutu, wai in sayi sabo. To, da wane kuɗi?" Muka ce, "Baba, bar mana shi zuwa Juma'a." Nan da nan 'yan kulob ɗin kimiyya suka kewaye teburi. Wannan ya ce taransista ce ta ƙone, wancan ya ce lasifika ce ta fashe, alhali ko murfin ba a buɗe ba.

Abin da muke so mu koya a wannan darasi shi ne: da wuya na'ura ta mutu gaba ɗaya. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ce tak ta lalace a cikinta, kuma da awo ake gano ta, ba da cinke ba.

Mu san 'yan gida

Idan muka buɗe rediyo za mu ga allo ɗauke da ƙananan abubuwa, an haɗa su da siraran hanyoyi na tagulla. Huɗu daga cikinsu ya kamata kowa ya sani.

Resista tana rage gudun lantarki, kamar yadda siririn bututu yake rage gudun ruwa. Ana auna ta da om, daga sunan Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarsa a 1827. Dokar ta ce idan aka raba ƙarfin tura wuta, wato bolt, da yawan om, za a sami yawan wutar da ke wucewa, wato amfiya. Misali, bolt 3 a kan resista mai om 100 zai ba da amfiya 0.03. Zoben launi da ke jikin resista su ke faɗin girmanta: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku kuwa yawan sifiri ne. Ke nan rawaya da shunayya da ja na nufin om 4,700.

Kafasita kamar randa take: tana tara wuta, ta sake ta in an buƙata. Tana barin siginar sauti ta wuce, amma tana tare wutar batir. Irin mai siffar ƙaramin gwangwani tana da ruwan sinadari a ciki, kuma ruwan yana bushewa da tsufa. Masu ƙera ta sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin kwanakinta. Wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasarmu ya san dalilin da ya sa take yawan ba mu wahala.

Diyod ƙofa ce da ke buɗewa gefe ɗaya kawai. Taransista kuwa mai ƙafa uku ce: 'yar wuta kaɗan a ƙafa ɗaya tana sarrafa wuta mai yawa a sauran biyun, da haka take ƙara ƙarfin sigina. An ƙirƙiro ta a Amurka a 1947, kuma a 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu mai aiki da ita.

Kayan aiki

Ba a buƙatar shago. Mita ta awon lantarki, ƙarfen liƙa dalma mai wat 25 zuwa 40, dalma, ƙananan sukudireba, filaya, tsohon buroshin haƙori da littafin rubutu sun isa. Littafin ba ado ba ne. A ciki muke zana inda kowace waya take kafin mu cire ta, mu kuma rubuta kowane awo da muka yi.

Matakan bincike

Mataki na ɗaya: tambaya. Likita ba ya ba da magani sai ya ji bayanin mara lafiya. Mun tambayi Baba ko rediyon ya faɗi, ko ruwa ya shige shi. Ya ce a'a, murya ce ta yi ta raguwa wata da watanni har ta ɗauke. Wannan amsa ta ba mu haske. Abin da ya faɗi ƙasa yakan mutu nan take saboda tsagewar allo ko tsinkewar waya. Abin da ya mutu a hankali kuwa, tsufa ko tsatsa ake zargi.

Mataki na biyu: ido da hanci. Mu duba ko akwai resista da ta yi baƙi, ko kafasita da kanta ya kumbura, ko waya da ta tsinke, ko dalma da ta tsage a gindin wata ƙafa. Mu sansana ko akwai ƙaurin ƙuna. Batir da ya daɗe yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen mazauninsa, sai a kankare da sanfefa. A rediyon Baba ba mu ga komai ba sai ƙura.

Mataki na uku: mu bi wuta daga tushenta. Rediyon yana cin manyan batura uku, kowane bolt 1.5, jimla 4.5. Mun auna su rediyon yana kunne, domin batir mai rauni yakan nuna lafiya idan ba ya ɗauke da kaya. Mita ta nuna 4.4. Muka auna bayan makunni, ta sake nuna 4.4. Ke nan abinci yana isa gida. Ku lura, matsaloli da yawa a nan suke ƙarewa, a batir ko makunni ko waya, kafin a kai ga allo.

Mataki na huɗu: mu raba gida biyu. Rediyo kashi biyu ne: ɓangaren da ke kamo tasha daga eriya, da ɓangaren da ke ƙara sauti ya kai wa lasifika. Maɓallin ƙara murya shi ne iyakarsu. Idan muka buɗe murya, muka riƙe ƙarfen sukudireba da yatsa muka taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin, lasifika za ta yi gurnani in ɓangaren sauti yana da lafiya. Wannan gwaji na rediyon batir ne kaɗai. Mun taɓa, shiru. Da awo ɗaya mun wanke rabin rediyo daga zargi, aƙalla a karon farko.

Mataki na biyar: mu gwada ɗaya bayan ɗaya. Mun cire batura, domin ba a auna om da wuta a jiki. Lasifikar an rubuta mata om 8, mita ta nuna kusan 7, wanda daidai ne. Da muka ɗana mata batir ɗaya ta yi ƙas. Ramin abin sauraro na kunne yana da ɗan makunni da ke yanke lasifika, kuma yakan yi tsatsa, amma shi ma lafiya lau. Muka mayar da batura muka auna taransistocin sauti. Taransistar silikon mai aiki tana nuna kusan bolt 0.6 tsakanin ƙafar da ake kira bes da wadda ake kira emita. Duk sun nuna haka. Saura kafasita ɗaya mai maikurofarad 220, wadda ta cikinta sauti yake bi zuwa lasifika. A ido ba ta da aibu. Wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta ɗauko sabuwa ta ɗora ƙafafunta a kan na tsohuwar. Sai murya ta ɓarke, ana tsakiyar labarai. Ihun da aka yi har ofishin shugaban makaranta an ji.

Sauya ƙwaya da liƙa dalma

Sabuwar kafasita ta zama daidai da tsohuwar a maikurofarad. A bolt kuwa ta yi daidai ko ta fi, kada ta gaza. Tana da gefen ƙari da na ragi, kuma layin da ke jikinta yana nuna na ragi. In aka juya ta, tana iya fashewa.

Dalmar gargajiya haɗin kuza da darma ce, tana narkewa a kusan digiri 185. Kuskuren sabon shiga shi ne narkar da ita a bakin ƙarfe sannan ya shafa. Daidai shi ne a ɗora bakin ƙarfen a kan ƙafar da tagullar allo tare, a kawo dalma wurin ta narke da kanta, a ɗaga cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In aka daɗe, tagullar za ta ɓare daga allo. Haɗi mai kyau yana da santsi da sheƙi. Mu yi aikin inda iska ke shiga, mu wanke hannu bayan mun gama, domin darma guba ce.

Haka kuma, idan muka ga resista ko fiyus ya ƙone, mu tambayi abin da ya ƙona shi kafin mu sa sabo. Kada a taɓa maye gurbin fiyus da guntun waya. Wannan hanya ce ta jawo gobara.

Gargaɗi

A nan ba wasa. Wutar gida bolt 230 ce, kuma tana kisa. Babbar kafasitar da ke cikin caja ko talabijin tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare filogi. Tsohon talabijin mai ƙeya yana aiki da kusan bolt 25,000 a bayan gilashinsa. Batirin waya in an huda shi ko ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Saboda haka dokar kulob ɗinmu ita ce: ɗalibi ba ya buɗe komai sai mai aiki da busassun batura, sauran kuwa sai malami yana tsaye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kammalawa

Ranar Juma'a Baba ya karɓi rediyonsa. Abin da aka sauya bai kai kuɗin baturan da ke cikinsa ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da rediyon Baba ya shiga wannan lissafi saboda ƙwaya ɗaya da ba ta kai girman gyaɗa ba.

Ba kowane abu ne zai gyaru ba, musamman na'urorin yanzu masu ƙwayoyi ƙanana kamar gero. Amma ɗalibin da ya saba da tambaya da awo da rubutu kafin ya yanke hukunci, zai ci amfanin wannan hali ko da likita ko manomi ya zama. Iyaye, muna roƙo a turo mana matattun rediyo da tocila da ke ƙarƙashin gado, domin su ne littattafan karatunmu.

Aikin hutu

1. Resista tana da zobe ruwan ƙasa, baƙi, da ruwan lemo. Om nawa ce?
2. Me ya sa ake auna batir rediyo yana kunne?
3. An taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin murya, lasifika ta yi gurnani, amma babu tasha. A wane ɓangare za ku nemi matsala?