Sarƙewar Numfashi Sakamakon Firgici: Yadda Za a Gane Ta da Yadda Za a Shawo Kanta

Akwai mutanen da numfashi kan sarƙe musu farat ɗaya, gaba ya faɗi, zuciya ta dinga bugawa da ƙarfi, gumi ya keto, jiri ya ɗebe su, har su sakankance ajali ne ya zo. Idan aka kai su asibiti aka auna, sai a tarar huhu da zuciya lafiya lau. Wannan shi ne farmakin firgici, ciwo ne sananne kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a duniya. Ya fi addabar waɗanda suka ga tashin hankali, kamar iyalan da hare-hare suka raba da gidajensu a Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki sinadarin adirenalin domin shirin gudu ko kare kai. A farmakin firgici wannan shiri yana tashi ne alhali babu haɗari a gaba. Baligi mai hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mai firgici kuwa yana haki, yana fitar da iskar kabon fiye da kima. Raguwarta a jini ita ke kawo jiri da tsikari kamar na allura a yatsu da leɓe, wani lokaci yatsun su ƙage. Ganin haka sai tsoro ya ƙaru, hakin ma ya ƙaru. Farmakin kan kai ƙololuwa cikin kusan minti 10, yawanci ya lafa kafin rabin sa'a, kuma shi kansa ba ya kisa.

A fara da gwaji

Kada wanda ya yanke wa kansa hukunci cewa firgici ne kafin ma'aikacin lafiya ya duba shi. Asma, ƙarancin jini, ciwon huhu, ciwon zuciya da cutar maƙoƙo duk suna iya kawo irin waɗannan alamu. A garzaya asibiti nan take idan akwai:

• ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi;
• suma, ko sauyawar launin leɓe da harshe;
• zazzaɓi, tarin jini, ko tarin da ya kai mako 2;
• kumburin ƙafafu, ko kasa numfashi a kwance;
• haki ga mai ciki ko mai jego, domin ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa.

Lokacin da abin ya taso

Idan gwaji ya tabbatar firgici ne, ku zauna ku jingina, ku sassauta tufafi, ku ɗora hannu a ciki. Ku shaƙi iska a hankali ta hanci kuna ƙirga 1 zuwa 4, har cikin ya ɗaga hannun. Sa'an nan ku tsuke baki ku fitar da ita kamar mai hura kunu mai zafi, kuna ƙirga 1 zuwa 6. Ku ci gaba har minti 5 ko fiye, kuna tuna wa kanku cewa ya taɓa zuwa ya wuce. Kada a sa mutum numfashi cikin leda ko jaka, domin idan asma ce ko zuciya, hakan na iya halaka shi.

Ku kuma 'yan uwa, ku rage taro a kansa, ku bar kuka da kururuwa. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi masa magana da taushin murya, su yi numfashin tare. Kada a ce masa raki ne ko neman kulawa.

Bayan ya lafa

Ku riƙa gwada wannan numfashi safe da dare kuna cikin natsuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rage goro, shayi mai kauri, kofi, sigari da lemon ƙara kuzari, saboda suna hanzarta bugun zuciya. Ku samu isasshen barci da tafiyar ƙafa kullum. Kada ku ƙaurace wa kasuwa ko tashar mota don abin ya taɓa kama ku a can. Gudun wurin yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Ku guji sayen Valium ko tiramol a hannun masu talla, domin suna kama jiki, barinsu kuma ya zama wata sabuwar cuta.

Idan farmakin yana maimaituwa, ko tsoron dawowarsa ya hana ku aiki har wata guda, ku koma cibiyar lafiya mafi kusa, a Nijar kuke ko a Nijeriya. Ana warkar da shi ta zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da magani, wanda kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. In za ku tsallaka iyaka, ku tafi da katin asibitinku da sunan maganin da kuke sha.