Tallace-tallace Sun Addabi Wayata

Tambaya: Malam, tallace-tallace suna cinye min data. Me zan sa a waya in huta?

Amsa: 'Yar'uwa, in wayarki Android 9 ce ko sama, ba sai kin sauke komai ba. Shiga saitin intanet, ki nemi Private DNS, ki rubuta dns.adguard-dns.com. Zai tare yawancin tallan manhajoji, ban da na YouTube, domin tallansa da bidiyonsa hanya ɗaya suke biyowa. Wajen buɗe shafuka kuwa, na fi amincewa da Firefox haɗe da uBlock Origin, kuma kyauta ne. In iPhone ce, AdGuard na App Store yana aiki da Safari.

Don Allah kada ki sa manhajar tare talla da aka turo miki ta WhatsApp. Irin wannan manhaja tana iya ganin duk inda kika shiga, har shafin bankinki.