Mu San Tsuntsaye: Tanaja Mai Shuɗin Baya

Darasinmu na wannan wata zai kai mu nesa, can ƙetaren teku, zuwa Amurka ta Kudu da Amurka ta Tsakiya. A ƙasashen nan masu zafi da yawan ruwan sama akwai wani dangin tsuntsaye da ake kira tanaja. Sun fi iri 300, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a dajin Afirka. Yau ɗaya kawai za mu duba, wato tanaja mai shuɗin baya.

Wannan tsuntsu ya fi kanari girma, amma bai kai kurciya ba. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya santimita 16 zuwa 18 ne. Wanda yake da rula ya auna ya gani. Nauyinsa giram 30 zuwa 40, bai ma kai na ƙwan kajin gidan gona ba. Kansa da ƙirjinsa shuɗi ne mai haske, kamar an gauraya shuni da toka. Bayansa ya fi duhu, fikafikai da wutsiya kuwa shuɗinsu ya fi fitowa. Waɗanda ke yankin kogin Amazon suna da farin tabo a kafaɗa. Bakinsa gajere ne mai kauri. Da wuya a bambanta mace da namiji, don kamarsu ɗaya. A Kolambiya da Benezuwela sunansa asuleho, saboda launin jikinsa.

Ana samunsa tun daga ƙasar Meziko har zuwa arewacin Brazil da Bolibiya, da tsibiran Tirinida da Tobago. Ba ya son tsakiyar ƙurmi. Ya fi son bakin daji, da gonaki, da lambuna, har da itatuwan cikin gari. Saboda haka idan an sare wani ɓangare na daji an yi gona, wasu tsuntsaye kan gudu, shi kuwa sai ya matso kusa.

To, me yake ci? Nan ne shi da manomi suke haɗuwa. Yawancin abincinsa 'ya'yan itace ne: ɓaure, da ayaba, da gwanda. Gwandar da muke shukawa a bayan gida ma asalinta daga can yankin take. Idan gwanda ta nuna a kan itace, mai lambu bai tsinke da wuri ba, tsuntsun zai huda ta ya sha. Wannan ɓarna ce, ba shakka. Amma kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Yakan bi reshe yana leƙa ƙarƙashin ganye, yana tsince tsutsa da ƙananan ƙwari. Wani lokaci ma a sama yake cafke ƙwaro. Yana shan zaƙin furanni. Ƙananan 'ya'yan itace kuwa haɗiye su yake yi da ƙwayarsu, ya je wani wuri ya kasayar, itace ya tsiro inda ba wanda ya shuka. Mutane da yawa a can sukan ajiye masa ayaba a kan katako a tsakar gida, don su riƙa kallonsa.

Galibi biyu-biyu ake ganinsu, mace da namiji. Sheƙarsu kamar ƙaramin ƙoƙo take, a tsakanin rassan itace, ko a wani lungu na gini. Macen takan saka ƙwai biyu, ta kwanta a kansu kamar kwana 14. Bayan kamar kwana 17 da ƙyanƙyasa, 'ya'yan sukan bar sheƙa.

Ga aikin gida, ku rubuta amsa ku kai wa malaminku:

1. A waɗanne wurare tanaja ya fi son zama?
2. Wace ɓarna yake yi wa mai lambu, kuma wane amfani yake yi masa?
3. Rubuta sunan tsuntsu ɗaya na ƙauyenku mai shan gwanda ko mangwaro, ka faɗi launinsa.