Yadda Kwamfuta Take Ajiye Amsa Don Gudun Maimaita Lissafi

Ɗalibin da ya haddace jadawalin sau, in aka tambaye shi 7 sau 8, nan take zai ce 56, ba sai ya tsaya yana tara bakwai-bakwai ba. Ana iya koya wa kwamfuta wannan dabara.

A cikin shirin kwamfuta akwai ƙaramin sashe da ake kira fankshin. Ana ba shi lamba, ya yi lissafi, ya mayar da amsa. Sai dai ba ya tuna aikin da ya riga ya yi. In aka yi masa tambaya ɗaya sau dubu, sau dubu zai lissafa.

Mu ɗauki jerin lambobin Fibonachi, wani masanin lissafi na Italiya da ya kawo su a littafinsa na shekarar 1202: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13. Kowace lamba jimlar biyun da ke gabanta ce. Don samun ta biyar, fankshin zai nemi ta huɗu da ta uku. Amma ita ma ta huɗun tana bukatar ta uku, ka ga an lissafa ta uku sau biyu ke nan. Da sauƙi a nan. To, in aka nemi ta 30, wato 832,040, sai kwamfuta ta yi tarawa sau 832,039, kusan duka maimaici ne.

Maganin shi ne a ba fankshin wurin ajiya a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kafin ya yi lissafi, ya duba ko amsar tana nan. In tana nan ya ɗauko, in babu ya lissafa ya ajiye. Ta haka tarawa 28 kacal ta isa. Donald Michie, wani masani na Birtaniya, shi ya raɗa wa dabarar suna "memo" a 1968, wato takardar tuni. Masu koyon harshen Python za su same ta a shirye da sunan lru_cache tun 2011.

Amma a yi hattara. Dabarar tana amfani ne kawai inda tambaya ɗaya kullum take da amsa ɗaya. Fankshin da ke faɗin lokaci ko farashin dala, in ya ajiye amsar jiya ya ba ka yau, ya yaudare ka. Ajiya kuma tana cin wuri. Shi ya sa lru_cache, in ba a canza masa ba, amsa 128 yake riƙewa, in wuri ya cika ya zubar da wadda aka fi daɗewa ba a nema ba.