Ziyarar Zariya: Ganuwa, Fada da Bakin Ruwa

Garuruwan da tattalin arzikinsu ya dogara ga yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum ke yi domin kallon wuri kawai ba don fatauci ko karatu ko zumunci ba, sukan tsara kansu yadda baƙo zai iya shiga ya fita bai nemi taimakon kowa ba. Alal misali, Fort Augustus, wani ƙaramin gari a ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, yana zaune ne a bakin kudancin tafkin Loch Ness, inda hanyar jiragen ruwa ta Caledonian, wadda aka buɗe a 1822, take gangarowa cikin tafkin ta ƙofofin ruwa masu hawa-hawa. A can akwai alluna masu nuna hanya, da jiragen shaƙatawa masu tashi a kan lokaci, da farashi a rubuce. Zariya tana da abubuwan kallo da suka fi na wancan gari yawa da tsufa, tana kuma da ruwaye a gefenta, amma ba a shirya ko ɗaya daga cikinsu domin baƙo ba, saboda fadar wurin mulki ce, masallacin wurin ibada ne, madatsun ruwan kuma na sha ne da noma. Saboda haka abin da mai ziyara zai gani ya rataya ne a kan abu biyu, lokacin da ya zaɓa da kuma mutumin da ya raka shi, kuma wannan tsari ba sabo ba ne, domin a zamanin da Hugh Clapperton, wanda shi ma mutumin Sikotlan ne, ya ratsa Zariya a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, baƙo ba ya zama a birni sai da mai masauki wanda zai tsaya masa.

Zariya gari ne mai sassa huɗu da suka bambanta da juna: tsohon birni da ke cikin ganuwa, da Tudun Wada a wajen Ƙofar Doka, da Sabon Gari wanda ya taso a gefen tashar jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa, da kuma Samaru, kimanin kilomita 15 a kan hanyar Funtuwa, inda babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello yake. Wanda ya sami masauki a wajejen Tudun Jukun, unguwar da ke maƙwabtaka da Tudun Wada da Tukur-Tukur a gefen birni, ya zauna a tsakiyar abin da ya zo gani, domin ƙofofin birni na kusa da shi, hanyar Wusasa da Kufena ba ta da nisa, kuma keke mai ƙafa uku ko bas za su kai shi Sabon Gari da Samaru cikin sauƙi. Mai zuwa daga Abuja yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa tashar Rigasa a Kaduna, sannan ya ƙarasa da mota tafiyar kimanin kilomita 80, mai zuwa daga Kano kuwa tafiyarsa ta kusa ninka wannan. Ana yin cinikin kuɗin keke ko acaɓa kafin a hau, kuma ya kamata matafiyi ya riƙe ƙananan kuɗi a aljihu, domin mai rake da mai masa ba su cika samun canjin babbar takarda ba.

Mafi dacewar lokaci shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, madatsu suna cike, ƙasa ba ta gama bushewa ba, hazo kuma bai yi kauri ba tukuna. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu hunturu yakan kawo sanyin asuba mai ratsa jiki, kasancewar garin a kan tudu mai tsayin sama da mita 600 daga doron teku, ƙurar kuma takan rufe nesa har mai hawan dutse ya rasa abin da ya hau dominsa. Maris da Afrilu watannin bazara ne da yawon rana ke wahalarwa, damina kuwa tana da kyan gani amma takan lalata hanyoyin bakin kogi.

Ganuwa, wato katangar ƙasa da ta kewaye birni domin tsaro, ita ce ya kamata a fara da ita, kuma da sassafe. Kewayenta ya haura kilomita 14, al'ada kuma tana danganta irin waɗannan katangu da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, wanda a zamaninsa ake cewa hedikwatar Zazzau ta baro Turunku ta dawo wannan yanki a ƙarni na 16. Baƙon da ya zo da tsammanin ganin katanga a tsaye daga farko har ƙarshe zai sha mamaki, domin ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini da masu faɗaɗa gidaje sun cinye mafi yawanta, abin da ya rage a wurare da dama tudu ne mai tsawo da awaki ke kiwo a kansa, da kududdufai a gindinsa inda aka haƙi ƙasar tun asali. Duk da haka ƙofofin suna nan da sunayensu, Doka da Kibo da Jatau da Kuyambana da Gayan da Kona da Galadima da Bai, wasu an sake gina su da siminti, wasu kuma suna kawai suka bari a bakin hanya. Hanya mafi amfani ita ce a ɗauki mai keke ɗan gari a yi yarjejeniyar sa'o'i biyu ko uku, a riƙa tsayawa a kowace ƙofa ana sauka, domin a ƙasa ne ake gane kaurin gindin katangar, a kuma lura da cewa magabata sun kewaye fili mai faɗi da ya haɗa da gonaki da dutsen Madarkaci, yadda birni zai iya ciyar da kansa idan abokan gaba suka yi masa ƙawanya.

A tsakiyar birni fadar Sarkin Zazzau take, ƙofarta da zane-zane masu launi, da fili a gabanta inda ake taruwa ranakun hawa. Sarautar tana yawo ne a tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, tun bayan jihadin farkon ƙarni na 19 da ya kawo Malam Musa, ya kuma kori Sarki Makau, wanda ɗan'uwansa ya kafa masarautar da ake kira Suleja a yau; sarki mai ci, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli, na gidan Mallawa ne, ya kuma hau gadon a Oktoban 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi mulki tun 1975. Sanin wannan kaɗan yana da amfani, domin hirar bakin fada ba ta wuce shi. Ba a kutsa kai cikin fada: ana gaida dogarai, wato masu tsaron sarki da ake ganewa da manyan riguna masu ja da kore, a faɗi daga inda aka zo da abin da ake so, su kuma su nuna iyakar inda baƙo zai tsaya, ƙungiya ko ɗalibai kuwa gara su aika da takarda ofishin masarauta kwanaki kafin zuwansu. Ana cire takalmi inda aka ga an cire, ana durƙusawa a gaida mai sarauta da "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ba ka nasara", malami kuma da "Allah gafarta Malam", kuma ba a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an nemi izini.

Daura da fada ne wurin Masallacin Juma'a, wanda masana gine-gine ke ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin ƙasa na Hausa. An gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Durugu, mai riƙe da muƙamin Babban Gwani, wato shugaban magina, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai da ake haɗawa da azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a sama su ɗauki rufi mai faɗi ba tare da ƙarfe ba. A shekarun 1970 an lulluɓe tsohon ginin da sabo na siminti, sannan a ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe ya rufta a kan masu sallar la'asar, mutane da dama suka rasu, abin da ya kai ga shirin sake gina masallacin. Don haka mai ziyara ya tambayi mutanen fada halin da wurin ke ciki kafin ya nufe shi, wanda kuma yake son ganin siffar ginin ta asali zai sami kwaikwayonsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Lungunan birni sun fi fada bukatar ɗan rakiya, domin a nan ne ake ganin tsofaffin zaurukan da aka yi wa ado a fuska, da madinka zaune a kan tabarma a ƙofar gida, riga a kan cinya, suna bin zanen aska takwas da allura ɗinki bayan ɗinki, aikin da kan ɗauki makonni kafin a kai shi wurin mabuga. Unguwannin malamai irin su Kona da Juma da Kusfa har yanzu zaurukansu makarantu ne, kuma baƙon da ya yi sallama ya zauna a gefe ba za a kore shi ba. Zaure shi ne iyakar namijin da ba muharrami ba, mace baƙuwa kuwa ana iya shigar da ita cikin gida, ta kuma ga abin da mazan tawagarta ba za su gani ba. Wanda zai sayi hula ko riga ya saya a hannun mai ɗinkin, ya yi tayi cikin mutunci, domin rabin kuɗin da ake biya a manyan shaguna ba ya isowa wannan tabarma.

A kusa da masaukin Tudun Jukun akwai wurare biyu da mai karatun Hausa bai kamata ya wuce ba, ko da daga bakin ƙofa ne: Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da kuma Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921, ta zauna Kaduna, ta dawo Zariya a 1949.

Ruwayen Zariya na yamma ne, bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Mafi sauƙin kaiwa ita ce madatsar Kubanni da ke cikin harabar jami'a a Samaru, wadda aka datse a farkon shekarun 1970 domin samar wa jami'ar ruwan sha. Ana shiga ta ƙofar jami'a, a gaya wa masu gadi inda aka nufa, kuma tafiya ɗaya tana iya haɗawa da Sashen Zane-zane, magajin makarantar da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a cikinta a 1958. Babbar madatsar kuwa tana gabas da gari a kan kogin Galma, wanda Kubanni ke zuba a cikinsa kafin shi ma ya faɗa kogin Kaduna, kuma abin kallo a can aiki ne: masunta na jan koma daga kwalekwale suna fito da tarwaɗa da karfasa, balbelu na bin shanun da suka sauko shan ruwa, a fadama kuma injinan ban ruwa na ta ƙara a tsakanin fangalin tumatir da albasa da gonakin rake. Ba kujeru, ba rumfar sayar da shayi, ba mai ceton wanda ya nutse, don haka mai zuwa ya taho da tabarmarsa da ruwan shansa, ya kuma gaida masu aikin wurin kafin ya zauna.

Gargaɗi mafi muhimmanci a bakin waɗannan ruwaye shi ne kada a shiga, ko da iyakar idon sawu. Ruwan da ke kwance a wannan yanki yakan ɗauki tsargiya, cutar da wata ƙaramar tsutsa ke haddasawa, wadda ke girma a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni a ga zazzaɓi ko jini a fitsari. Ganin yaran gari suna iyo ba shaida ba ce cewa ruwan lafiya yake, domin su ne cutar ta fi kamawa. Wanda ya riga ya shiga ya je asibiti a gwada shi, maganin yana samuwa. Kwalekwalen masunta kuma na aiki ne, ba shi da rigar kariya, ƙasan madatsa laka ce mai riƙe ƙafa, saboda haka kallo daga gaɓa ya fi.

Dutsen Kufena, curin dutse da ya taso shi kaɗai a filin yamma da birni, yana da burbushin tsofaffin katangu a kewayensa, shaidar cewa an zauna a nan kafin birnin yanzu, daga samansa kuma ana hango shimfiɗar Zariya gaba ɗaya idan babu hazo. A gindinsa Wusasa take, inda 'yan mishan na CMS, waɗanda Dokta Walter Miller ya jagoranta a Zariya, suka koma a 1929, suka gina cocin St. Bartholomew da tubali da azara bisa salon maginan Hausa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ana hawan dutsen da hantsi da takalmi mai kama ƙasa, tare da ɗan unguwa, ba a hawa bayan ruwan sama saboda santsi. Ƙauyuka da unguwannin bayan gari sun sha fama da masu satar mutane a shekarun baya-bayan nan, don haka Kufena da Galma duka ana tambayar mai masauki halin da hanya ke ciki a ranar, a kuma dawo cikin gari kafin magariba.

Mai son ganin dawakai ya daidaita zuwansa da Ƙaramar Sallah ko Babba, lokacin da ake Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, hakimai da mahayansu suna zuwa jahi a gaban sarki. A waɗannan kwanaki masauki yakan yi wuya, hanyoyin birni sukan toshe tun da rana, kuma akwai shekarun da masarauta ta soke hawan saboda tsaro ko annoba, don haka ana jiran sanarwar fada kafin a kama hanya, a kama ɗaki da wuri, a kuma nemi wurin tsayawa mai tudu nesa da inda dawakai ke sukuwa, musamman idan akwai yara a tawagar.