Bakin Tiyon Tsohon Famfon Mai: Yadda Ake Gane Wanda Ya Dace da Kuma Yadda Ake Ɗaura Shi

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai gidajen tarihi da mutane masu sha'awar kayan da, waɗanda kan sayi tsofaffin famfunan gidajen mai su gyara su har su koma kamar sababbi. Fenti da gilashi ba su cika ba su wahala ba. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne bakin tiyo, wato ƙarfen nan da ma'aikacin gidan mai yake riƙewa ya zura a tankin mota, domin shi ne yake fara lalacewa ko ɓacewa. In aka ɗaura wanda bai dace ba, an yi wa tarihi ƙarya, kuma ana iya fasa wani sashe da ba a ƙera irinsa yanzu. Wannan maƙala za ta duba matakan da ake bi, tare da kimiyyar da ke cikinsu.

Mataki na farko: sanin zamanin famfon

A shekarar 1885 ne Sylvanus Bowser, mutumin garin Fort Wayne ta jihar Indiyana, ya sayar da famfonsa na farko, wanda na auna kananzir ne a cikin kanti. Da motoci suka yawaita sai aka fito da famfo bakin hanya. A shekarun 1920 wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai tulun gilashi a ka, mai cin galan 5 ko 10 (galan ɗaya na Amurka lita 3.785 ne). Ma'aikaci kan tura fetur sama da hannu, mai saye ya ga launinsa da yawansa da idonsa, tun da gani ya kori ji, sannan man ya gangaro cikin mota da nauyinsa. Daga baya aka sami masu aiki da lantarki masu fuska kamar ta agogo, kuma a 1933 kamfanin Wayne ya fito da famfo mai lissafa kuɗi da kansa.

Kowane zamani da irin bakinsa. Saboda haka mai gyara yakan fara da neman ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin famfon, mai ɗauke da sunan kamfani, kamar Wayne ko Tokheim ko Gilbert & Barker, da lambar ƙira. Sai ya kwatanta da tsofaffin littattafan tallar kamfanin da hotunan gidajen mai na lokacin.

Mataki na biyu: sanin yadda bakin yake aiki

Baki iri uku ne. Na farko bututun tagulla ne kawai, ba shi da bawul. Bawul ɗin yana jikin famfo, kuma tiyon kan tsiyaye ƙaf bayan kowane ciniki. Na biyu yana da bawul da maɗanni a jikinsa, tiyon kuwa kullum cike yake da mai. Na uku shi ne mai tsayawa da kansa, wanda Richard Corson na garin Olean a jihar New York ya ƙirƙiro a 1939, ya kuma yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Sirrin na ukun yana cikin abin da masanin Italiya Giovanni Venturi ya bayyana a 1797: idan ruwa ya bi ta matsattsen wuri, gudunsa kan ƙaru, matsinsa ya ragu. A cikin bakin akwai irin wannan matsattsen wuri. Man da ke wucewa ta nan kan zuƙo iska ta wani siririn bututu da ya ɓullo a wata 'yar huda kusa da tsinin bakin. Da zarar tanki ya cika, man ya toshe hudar, sai zuƙar ta koma kan wani tantanin roba mai kama da fatar ganga. Tantanin ya ɗaga, ya saki ƙugiyar da ke riƙe da bawul, sifirin ya rufe shi. Wannan ce ƙarar "ƙas" da ake ji a kowane gidan mai.

Ɗaura irin wannan a famfo mai tulun gilashi kuskure ne ta fuska biyu. Ta fuskar tarihi, famfon ya girme shi. Ta fuskar kimiyya kuma, man da ya gangaro daga tsayin mita 2 matsinsa bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na matsin iskar da ke kewaye da mu ba, don haka da wuya ya yi gudun da na'urar take bukata.

Mataki na uku: awo

Wurare uku ake aunawa. Na farko shi ne zaren da bakin yake haɗuwa da tiyo, wanda makanikai ke kira tiredi. Yawanci na inci 3/4 ne ko na inci 1. Sai dai waɗannan sunaye ne kawai, domin ainihin kaurin bututun ta waje milimita 26.7 ne da 33.4. Akwai kuma wani tarko: zaren bututu na Amurka kusurwarsa digiri 60 ce, na Ingila kuwa 55. A girman inci 3/4 dukansu suna da zare 14 a kowane inci, saboda haka sukan fara shiga juna kamar sun dace, sannan su cije ko su yi yoyo.

Na biyu shi ne kaurin tsinin bakin. Motocin Amurka na 1975 sun zo da na'urar tace hayaƙi wadda dalma ke lalatawa. Don haka doka ta ce tsinin bakin fetur marar dalma kada ya wuce milimita 21.3, na mai dalma kuma kada ya gaza 23.6, yadda ba zai shiga tankin sabuwar mota ba. Ashe ke nan siririn baki na yau ba shi da gurbi a famfon 1950.

Na uku shi ne maratayar bakin a jikin famfo. A famfunan lantarki wannan wuri yana haɗe da makunnin injin, kuma a nan ake sa kwaɗo da dare. Bakin da bai zauna daram ba, ba na wurin ba ne.

Mataki na huɗu: ɗaurawa

An fi yin tsofaffin bakuna da tagulla saboda ba ta tsatsa, ba ta kuma fid da tartsatsi in ta bugi ƙarfe. Daga baya alminiyon ya maye gurbinta saboda rashin nauyi. Tagulla tana da taushi, zaren Amurka kuma yana ƙara kauri a hankali, don haka ɗaurin ganganci kan tsage ta. Ana wanke zaren, a shafa masa maganin yoyo wanda fetur ba ya narkarwa, a murɗa da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara kaɗan da sifana bayan an naɗe ƙarfen da ƙyalle. In ya cije tun zagaye na biyu, a kwance a sake awo.

Rigakafi ya fi magani. Tsohon famfo na iya riƙe tururin fetur shekaru da dama, don haka ba a kusantarsa da wuta ko injin walda sai an wanke shi ya sha iska. Dattin cikinsa da tsohon fentinsa na iya ƙunsar dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Saboda ita ne duniya ta daina sayar da fetur mai dalma ga motoci, inda Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Famfon da aka gyara na kallo ne da koyarwa, ba a mayar da shi bakin ciniki.

Aiki don aji

Malami na iya nuna ƙa'idar Venturi ba tare da ɗigon fetur ba. Ɗalibi ya riƙe takardu biyu suna rataye, da tazarar yatsu uku a tsakaninsu, ya hura iska ta tsakiya. Maimakon su rabu, sai su matso juna. Ɗalibai su bayyana dalili, sannan su faɗi abin da zai faru da baki mai tsayawa da kansa idan datti ya toshe 'yar hudar da ke tsininsa.