Amsoshin Wasiƙunku: Jita Tsakanin Jaz da Rok

Wasiƙarmu ta farko daga Wudil ta fito, daga wani ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Ya ce yana koyon jita, kuma ya ji kiɗan wani Ba'amurke, Mike Stern, ya rasa gane ko jaz ne ko rok.

To ƙanena, duka biyun ne. A shekarun 1940, a birnin New York, su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da wani salon jaz da ake kira bibop: kiɗa mai sauri, mai sarƙaƙiya, wanda makaɗi ke ƙaga shi nan take. Shi kuwa rok, ƙarfinsa yana ga jitar lantarki da dukan ganga mai nauyi. Miles Davis na cikin waɗanda suka fara gwama jaz da rok. A faifansa In a Silent Way na 1969, John McLaughlin ne ya kaɗa jita. Mike Stern, haifaffen Boston a 1953, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Berklee, ya shiga ƙungiyar Miles Davis a 1981. Idan ka kasa kunne, yatsunsa bibop suke bi, amon jitarsa kuwa na rok ne.

Ka kuma tambaya ko akwai irinsa a yankinmu. Lionel Loueke na Jamhuriyar Benin ya daɗe yana kiɗa tare da makaɗin jaz Herbie Hancock, kuma bai yar da salon gida ba. A Nijar akwai Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Nasa ya fi karkata ga rok da kiɗan Buzaye.

Shawarata gare ka: kada ka yi gaggawar gauraya. Duk waɗannan sai da suka ƙware a tushe guda tukuna. Nemi mai gurmi ko mai garaya a nan Wudil ka zauna da shi, ka kuma saurari yadda marigayi Ɗanmaraya Jos ya riƙe duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Idan hannunka ya faɗa da waɗannan, sai ka kawo bibop ka ɗora.

Allah ya ba da sa'a, ka gaida mutanen Wudil. Sai wasiƙa ta gaba.